Abin da Aka Karanta a Majalisar Gari

Vernice Tolliver ba ta yi niyyar zuwa ba. Ƙawarta Earline ce ta tsaya da mota a ƙofar gidanta tana ta danna hon.

"Kin ƙare ƙuruciyarki kina dafa wa yaran garin nan abinci a makaranta. Yau majalisar gari za ta karrama baƙaƙen mata da 'yan mata, ki ce min ƙafa ke miki ciwo? Ɗauko hularki ta coci mu tafi."

"Takarda ce fa za su karanta, Earline. Ita za mu ci?"

"Akwai kek in an tashi."

Sai da aka gama maganar gyaran kwata da ta karnukan da ke yawo a titi kafin a zo kansu. Earline har ta fara gyangyaɗi. Wata 'yar majalisa, wadda Vernice ta sha zuba wa wake da shinkafa tun tana firamare, ta miƙe ta fara karatu. Ta ambaci malaman makaranta, da masu jinya, da waɗanda suka raini 'ya'yan wasu suka bar nasu a gida. Vernice gyaɗa kai kawai take yi.

Can ta ji an ce, "da matan da suka yi kukan ciwo a ɗakin haihuwa ba a saurare su ba, har rai ya yi halinsa."

Haka aka yi wa 'yarta Renita. Ta yi ta faɗa wa ma'aikatan asibitin kanta kamar zai tsage, aka ce ta kwanta ta huta. Tun daga lokacin kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, Vernice ma haka take cewa don a zauna lafiya. Ba ta taɓa jin an faɗi gaskiyar abin a bainar jama'a ba, balle a ɗakin hukuma, magatakarda na rubutawa.

Ba ta yi kuka ba. Earline ta wartsake, ta riƙe mata hannu.

Da aka tashi, 'yar majalisar ta zo ta rusuna.

"Mama Vernice, na so in kama suna, amma ban nemi izininki ba."

"Renita Tolliver. Baɗi in an sake taron ki kama, 'yata. Ki ɗaga murya kuma, na baya ba sa ji."

A hanya Vernice ta ce wa Earline ta biya da ita makarantar jikarta, 'yar da Renita ta bari. Yau da kanta za ta ɗauko yarinyar, don akwai labarin uwarta da ba ta taɓa ba ta ba.