Jaririyar Yashi

Duk Asabar da yamma, maza huɗu, kowa da furfurarsa, sukan zauna a teburin cin abincina su yi ta yaƙi da dodanni, kuma duk da baki. Malamin lissafi ne ke ba da labarin, shi ya sa suke ce masa Mai Labari. Tela da Direba da maigidana kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. In jaruminka zai ɓalle ƙofa ko ya ture dutse, sai ka jefa dayis, ɗan abin nan na ludo, a duba abin da ya fito da kuma makin ƙarfinka. Makin daga uku yake farawa ya tsaya a sha takwas, goma kuwa shi ne mutum kamar kowa. Ni nawa aikin kawo shayi ne da faɗin abin da ke raina, wato girma ya zo amma hankali yana hanya.

Da a teburin abin ya tsaya da sauƙi. Sai suka koma ba mutanen gaske maki. Direba ya ba kansa sha huɗu, aka rage masa zuwa sha ɗaya ranar da murfin kwalba ya gagare shi. Tela ya samu bakwai, shi ma don zumunci. Ni aka ce hannuna tara, bakina ashirin. Maigidana kaɗai ba a yi gardama a kansa ba. Mai walda ne, kuma da idonsu suka ga ya ɗaga ƙyauren ƙarfe shi kaɗai ya ɗora a mota. Daga nan ya zama Sha Takwas, sunan ya bi shi har shago.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki, wata safiya yana ɗaura takalmi. Allah ya taimake mu, baki ya dawo, ƙafa ma ta dawo da ɗan ja. Hannun dama ne ya yi taurin kai. Yatsun suna motsi, amma duk abin da ka sa a ciki sai ka tsince shi a ƙasa. Likitar gashi, mai motsa masa gaɓoɓi, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefa shi bayan kabad. Mutumin da ya saba lanƙwasa rodi ba ya son a yaba masa don ya matsa ƙwallo.

A lokacin 'yarmu tana da cikin fari, kuma an shirya in ta sauka za ta zo ta huta a wurinmu. Wata rana kofi ya suɓuce masa ya fashe. Ya daɗe yana kallon fasassun, sannan ya ce, "Ki gaya mata kar ta miƙo mini jaririn nan. In sun zo ma zan koma gidan ƙanena har su tafi."

"Jikanka na fari za ka gudar wa?"

"Gara ya tashi yana cewa kakansa ba shi da kirki, da a ce kakansa ne ya yar da shi."

Na shiga kicin na yi kukana. Na san halinsa, in ya ce zai yi, ya yi ya gama.

Ranar Asabar mutanensa suka zo kamar kullum, ko da yake tun rashin lafiyar sai dai ya zauna ya yi kallo. Na tsegunta wa Mai Labari a bakin ƙofa. Maimakon ya yi jimami kamar mutane, sai idonsa ya yi haske, ya jawo littafin dokokin wasan daga jaka.

"Sha Takwas, saurara," in ji shi. "Doka ta ce kowane maki guda na ƙarfi yana ɗaukar kilo bakwai. Jariri kilo uku ne. Ko makinka ya faɗo zuwa ɗaya, jarirai biyu za ka ɗauka har da canji."

"Ai tagwaye ma ba su gagare ka ba," in ji Direba.

Don su tabbatar masa, suka ce in kawo ledar sukari mai kilo biyu. Mai Labari ya ɗora masa a hannun dama yana murmushi. Ledar ta zame, ta daki ƙasa, ta fashe. Sukari har ƙarƙashin firij.

Maigidana ya miƙe a hankali, ya ce, "Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa ganin hannuna ba." Ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Ni kuwa ranar sun ji ashirin ɗin bakina. Na ce su kwashe dodanninsu su ba ni wuri, tunda ba su san bambancin takarda da tsokar mutum ba. Suka fita sumui-sumui, Tela yana ta ba ni haƙuri yana taka sukari.

Na ɗauka shi ke nan. Asabar ta zagayo sai ga ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Tela rungume da wani abu cikin tawul. 'Yar tsana ce ya ɗinka da ragowar yadi, ya cika ta da yashi. Kan ya haɗa shi da wuya mai laushi, in ba ka tare ba sai ya langaɓe. Har hula ya yi mata.

"Uwargida, a yi mana afuwa," in ji Mai Labari. "Littafin ya yi ƙarya, mun yarda. Mun je mun tambayi likitar gashi, ta ce a fara da rabin kilo."

Ba su roƙi maigidana komai ba. Suka zauna suka buɗe wasa da ƙarfi yadda zai ji daga ɗaki. Mai Labari ya ce jarumai sun tsinci jaririya a gidan da dodo ya ƙona, kuma dole a kai ta ga uwarta a bayan duwatsu. Direba ya ce shi hannunsa da gatari. Tela ya ce nasa jarumin ko kaza ba ya iya ɗauka. Suka yi ta musu har wani ya kawo shawarar a sa ta a buhu a rataya a jikin jaki.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. "Ku dai ba ku da tsoron Allah," in ji maigidana. "Miƙo ta nan."

Dokar da suka kafa ita ce, wanda ke ɗauke da jaririya a labari sai ya riƙe ta a zahiri har a tashi. Tela ya gyara masa zama: hagu ta ɗauki nauyi, dama ta tare kai da baya. Direba ya ɗaura zare a ƙafar 'yar tsanar. Duk lokacin da dayis ya ba da ƙaramin lamba, sai ya fizgi zaren, wai jaririya ta yi miƙa. Ranar farko ta faɗi sau ba adadi. Kowace faɗuwa sai Mai Labari ya ce a kan ciyawa ta faɗa, a ci gaba.

Haka aka yi ta yi. Kowane mako Tela ya farke ɗinkin baya ya ƙara yashi. Uwar nan ta bayan duwatsu kuwa ba a taɓa isa wurinta ba, kullum sai gada ta karye ko hanya ta ɓace. Da na yi magana, Mai Labari ya ce, "Uwargida, sai ranar da 'yarku ta sauka za mu ga gari." A tsakiyar mako na fara kama maigidana zaune da 'yar tsanar yana kallon labarai. Ƙwallon roba ma ya fito daga bayan kabad, ban tambayi wanda ya ciro shi ba.

Duk da haka bai janye maganar gidan ƙanensa ba. Jakarsa tana haɗe a gefen gado. Ya ce yashi ba ya numfashi.

'Yarmu ta sauka lafiya, mace, kilo huɗu har da ɗoriya, wato ta wuce duk lissafin Mai Labari. An ce sai yamma za a sallame su, maigidana ya shirya ficewa da rana. Sai asibiti suka sallame su da wuri. Yana zaune a falo da jakarsa a gaba, yana jiran Direba ya zo ya kai shi, kuma ban san me ya tsare Direba ranar ba, mutumin da bai taɓa makara ba. Ban tambaye shi ba har yau, addu'a kawai nake yi masa.

Saƙon da ya ba ni na kar ta miƙo masa jaririn kuwa ban taɓa isar da shi ba. 'Yarmu ta shigo tana jan ƙafa, idanunta duk sun faɗa. Ni ina riƙe da kwandon kaya, mijinta yana waje yana sauke sauran. Ta duba ta ga babanta kaɗai ne hannunsa babu komai a ɗakin.

"Baba, riƙe mini ita, bayana zai ɓalle."

Ta ɗora masa ita ta wuce ɗaki, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na tsaya da kwando a hannu. Jaririyar ta yi miƙa, ta harba ƙafa, kan ya tafi baya. Hannun dama ya taso ya tare shi. Yana rawa, amma ya tare. Ta ɗan yi ƙorafi, ta cusa fuska a rigarsa, ta yi shiru.

Na gode wa Allah. Na kuma gode wa mutanen nan uku da na shekara ina yi wa dariya, godiyar da ban san yadda zan faɗa musu ita ba, ba tare da sun ba ta maki ba.

Na ajiye kwandon na matso. "Kawo ta in ka gaji."

Bai ɗago ba. Hawaye na bin gemunsa, kuma ba shi da hannun sharewa.

"Je ki ja wa yarinyar nan ƙofa ta samu barci," in ji shi. "Mu muna nan."