Butar Malam Wahabu

Wahabu maƙaryaci ne, kuma ya zaɓi mafi munin ƙarya, wato ƙaryar ilimi. Ya sauka Bawku da jaka ɗaya da allon talla mai tsawon ƙofa, an rubuta a jiki: kimiyya, lissafi, adabi, saikoloji, duk a bakin mutum ɗaya. A ƙasa an ƙara da cewa yana da reshe a Salaga da Yendi. Gaskiyar maganar ita ce an kore shi daga Salaga, an sake korarsa daga Yendi, shi kuwa duk garin da aka kore shi sai ya sa masa suna reshe.

Liman Hussein ya ba shi aron ɗakin makarantar da ke jikin masallacin unguwa, domin masu sake jarrabawar gama sakandare su samu mai taimaka musu. Cikin waɗanda suka shiga har da Asiatu, 'yar Alhaji Mumuni mai sayar da hatsi. Sau biyu lissafi yana kayar da ita, shi kaɗai ya tsaya tsakaninta da makarantar koyon aikin jinya. Mahaifinta ya riga ya faɗa mata, ba da faɗa ba, cewa wannan ne karo na ƙarshe. In ta sake faɗuwa, ga mudu can yana jiranta a rumfa. Saura mako bakwai a yi jarrabawar.

Da farko Asiatu ta ɗauka ta dace da malami. Wahabu yana da murya, yana da tabarau, kuma ya iya tsayawa a gaban allo kamar shi ya ƙirƙiro alli. In ɗalibi ya ce bai gane ba, sai ya ce ai wannan matsalar saikoloji ce, tsoro ne ya toshe masa ƙwaƙwalwa, ya rufe ido ya ja numfashi sau goma. Asiatu ta ja numfashi har ta gaji, lissafin bai shiga ba.

Sai ta fara lura da buta. Akwai wata shuɗiyar buta a bakin ƙofa. Muddin Wahabu yana kwafe abin da ya zo da shi a takarda, cikinsa lafiya lau. Amma da an yi masa tambayar da ba ta cikin takardar, sai ya yamutsa fuska, ya dafe ciki, ya ɗauki buta ya zaga baya. Bayan minti biyar ya dawo da amsa tsaf, har da misali. Wa zai bi mutumin da ya ɗauki buta? Wa zai tambaye shi abin da ya daɗar da shi? Har ɗalibai suna tausaya masa, wata ma ta kawo masa jiƙon sabara daga gida.

Ranar wata Laraba Asiatu ta riga kowa zuwa, ta ce bari ta cika wa malam butarsa. Tana zuba ruwa yana bin ƙafarta. Gindin butar a fashe yake, tsohuwar fashewa, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ta ajiye ta inda take. Ran nan sau huɗu Wahabu ya fita da butar, kuma kowace fita wayarsa tana aljihu.

Da ta gaya wa mahaifinta, sai ya ce ba a tuhumar mutum a kan cikinsa. Ta ce, "Baba, ba cikinsa nake tuhuma ba. Ka je ka ɗaga butar kawai." Alhaji Mumuni ya je, ya ɗaga, ya leƙa, ya ga hasken rana ta gindinta. Daga nan ya wuce gidan Liman.

Ranar Asabar da hantsi dattawan biyu suka shigo aji, wai sun zo sa albarka. Wahabu ya yi ta rawar jiki, ya ba su kujera, ya shiga bayani a kan yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam take aiki. Liman ya bar shi ya gama, sannan ya ce yana da 'yar tambaya ta tsofaffi. Mutum ya rasu ya bar shanu ashirin da huɗu. Matarsa tana da ɗaya bisa takwas, mahaifiyarsa ɗaya bisa shida, saura na ɗansa. Nawa ɗan zai kora gida?

Wahabu ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai. Fuskarsa ta yamutse, hannu ya tafi ciki, ya nufi ƙofa ya sunkuya ya ɗauki buta.

"Malam," in ji Liman, "ba kai ka gaya mini izu sittin na cikin wayar nan taka ba? Ai ba a shiga bayi da ita. Kawo in riƙe maka."

Ba yadda zai yi. Shi da bakinsa ya yi wannan alfahari ranar da ya zo neman ɗaki. Ya miƙa wayar kamar mai miƙa haƙorinsa, ya fita.

Asiatu ta jawo takarda, ta raba, ta cire, ta rubuta goma sha bakwai, ta tura wa Liman. Ya duba ya gyaɗa kai. Alhaji Mumuni ya kalli 'yarsa ya daɗe, sannan ya ce daga gobe za ta koma wurin Madam Munawara, tsohuwar malamar lissafi da ta yi ritaya, ko da shi zai riƙa kai ta a babur.

Sai da aka yi kusan rabin awa Wahabu ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce amsar ta danganta da irin shanun.

Liman ya miƙa masa wayarsa, ya karɓi mabuɗin ɗakin. An cire allon tallan kafin azahar, ladan ya yi ƙyauren garken tumakinsa da shi. Bayan sallar Juma'a aka sanar da iyaye abin da ya faru, aka kuma aika wa limaman Yendi da Salaga. Wahabu ya bar Bawku a bayan motar albasa, kuma ba garin da ya sake ba shi ɗaki.