Jiragen Dramani a Farashin Kwantrol

Tamale ba ta da jirgin ƙasa. Ba ta taɓa yi ba, kuma duk wanda ya ce maka an kusa kawowa, wani abu yake nema a wurinka. Amma a Nyohini, a gidan da muka haɗa katanga, akwai mutumin da yake da jiragen ƙasa cike da akwatunan ƙarfe biyu. Ba irin na Kumasi masu hayaƙi ba, na biranen Turawa ne: waɗanda suke bi ta ƙarƙashin ƙasa, da waɗanda suke tafiya a tsakiyar titi da sanda a ka suna shan lantarki daga waya. Babbansu bai fi takalmin yaro tsawo ba. Sunan mutumin Dramani, gyaran agogo yake yi a bakin babbar kasuwa.

Na farkon, wani Bature ne ya ba shi a Takoradi, lokacin yana saurayi yana yi masa wanki da guga. Ja ne, da tagogi da kujeru a ciki, har da ɗan direba a tsaye. Daga nan cutar ta kama shi. In dilolin gwanjo suka iso daga Kumasi, kowa riga yake nema, shi kuwa Dramani aljihunan rigunan yara yake lalubawa. Direbobin da ke zuwa Tema sun san shi, masu dawowa daga Jamus sun san shi. Kyauta zai gyara maka agogo in dai ka zo masa da tarago, ko da tayarsa ɗaya ta fita. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya rufe ƙofa, ya shimfiɗa tabarma, ya jera su, yana gogewa da auduga da man agogo. Ya kan kira ni ya ce wannan na Landan ne, wancan na Lisbon, shi da bai taɓa shiga ko kwalekwale ba. Ina yi masa tsiya, amma wallahi ina son mutumin, bai taɓa cutar kowa ba.

Sai shekarar tamanin da uku ta zo. Ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye gonaki, 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya suka cika gidaje. Shaguna wayam. Sabulu, sukari, madara, sai a wurin 'yan kalabule, wato masu ɓoye kaya su sayar da tsada ta bayan gida. Aka ce kowace unguwa ta kafa kwamitin kama su. Wanda aka kama, a fito da kayansa fili a sayar wa jama'a a farashin gwamnati, wanda muke kira kwantrol, mutum ɗaya abu ɗaya. Mu kuwa muka koyi wata ɗabi'a: in ka hangi layi, ka shiga tukuna, sai ka kai gaba ka ga abin da ake sayarwa.

Ciyaman na kwamitinmu Zubeiru ne, mai facin taya, wanda ya wayi gari da usur a wuya ya fara kiran iyayensa "kwamared". Mutanen unguwar Nyanshegu sun kama mai sabulu, wata unguwar ta kama mai madara, mu ko ƙwayar ashana ba mu kama ba. Ba don babu masu ɓoyewa ba, kai! Har awakin Nyohini sun san gidan da buhunan sukari suke, sai dai mai gidan surukin ciyaman ne. To, dole a samo wani. Sai wani munafuki ya tuna masa da mai agogon nan da yake kulle ƙofa kowace Juma'a, ga akwatunan ƙarfe har biyu.

Da hantsi suka zo, Zubeiru a gaba yana busa usur tun daga bakin masallaci. Kafin ya kai ƙofar gidan, layi ya riga ya miƙe har wurin mai koko, mata da kwanuka, tsofaffi da kujerunsu. Ni ina tsaye ta cikin gidana, katangar da ke tsakaninmu ba ta kai kafaɗa ba.

Aka jawo akwatunan tsakar gida. Dramani ya ce, "Zubeiru, ɗana, ba abin da kuke nema ba ne a ciki."

"Ni ba ɗanka ba ne yau, ciyaman ne. Buɗe, kwamared!"

Ya buɗe. Kowane jirgi naɗe cikin tsumma, an jera su tsaf. Zubeiru ya ɗauki ɗaya ya kwance, ya juya shi, ya leƙa ta taga. Ya zura hannu har ƙasan akwatin yana neman sukari, babu. Ga hayaniyar layi daga waje. Na ga gumi ya keto masa. Ya riga ya busa usur, da wane ido zai fita hannu rabbana?

Can sai ya gyara murya ya ce, "Akwai irin wannan a kasuwa?"

Dramani ya ce, "Babu."

"A duk Tamale wa yake da shi?"

Bawan Allah, har da ɗan alfahari ya amsa, "Ni kaɗai."

"To kun ji da bakinsa! Kayan da babu a kasuwa, mutum ɗaya ya tara ya kulle, jama'a ba su da ko ɗaya. In wannan ba kalabule ba ne, mene ne?"

Na ɗaga murya ta kan katanga na ce, "Zubeiru, ka ji tsoron Allah, kayan wasa ne!" Ya ce in na ƙara magana za a duba ƙarƙashin gadona. Na ja da baya, amma a ciki na zage shi tas.

Aka kafa tebur a ƙofar gida. Dramani ya roƙe su kada su raba kan jirgi da taragunsa, ya ce tare suke tafiya. Zubeiru ya ce doka doka ce, mutum ɗaya abu ɗaya. Na farko a layi ya karɓi nasa, ya kara a kunne, ya ce, "Ina ake kunna shi?" Ya zaci rediyo ne. Wata ta yi tsaki, amma ba ta ajiye ba, ai ba a tsayawa a rana a koma gida haka nan. Na baya ba su san me ake rabawa ba, sai turereniya suke. Da Dramani ya ga jiragensa suna watsewa cikin unguwa, sai ya nufi layin shi ma, ko ya tsira da guda. Aka yi masa ca, aka ce ya koma baya kamar kowa. Ya koma. Kafin a zo kansa kaya sun ƙare, jan nan na Takoradi kuwa tun da farko ya shige aljihun ciyaman. Ranar na ji kunyar unguwarmu, na ji haushi har goro ya ƙi ciwuwa.

Dramani ya daina fita kasuwa. Ya kan zauna gaban akwatunan yana ninke tsummokaran. A cikin kwanakin ne yayan Azeta, matarsa, ya aiko mata da rabin buhun masara daga ƙauye, tare da saƙon rasuwar gwaggonsu. Da za ta tafi ta'aziyya na ji ta tana cewa, "Baban Sahada, masarar nan ita za ta kai mu kaka. Ka sa mata ido, babu wata." Ta kai yaran gidan ƙanwarta, ta shiga mota.

Washegari sai ga Mma Ashetu, tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa, da tarago ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Dramani, karɓi abinka. Na rasa abin da zan yi da shi, kuma tun da na ga fuskarka ranar nan ban ji daɗi ba." Ya karɓa, hawaye suka zubo masa. Ya rasa da me zai gode mata, sai ya shiga ɗaki ya cika mata kwano da masara.

Tsohuwar kirki ce, amma bakinta ba shi da murfi. Kafin la'asar duk Nyohini ta ji cewa tarago ɗaya kwanon masara ne. Layi ya sake miƙewa a ƙofar gidan, fuskokin nan dai na ranar. Masu kan jirgi suka ce nasu ya fi tarago daraja, a ƙara. Wani ya ɓoye nasa ya ce sai farashi ya tashi. Mutanen da suka yi ta ihun a kama ɗan kalabule, ga su nan kowa da ɗan jirginsa a hammata yana ciniki.

Na ce, "Dramani, kai! Abincin yara ne fa!" Ya ce, "Na sani, maƙwabci, kaɗan ya rage su cika." Ko kallona bai yi ba, yana aunawa.

Na ƙarshe Zubeiru ne, ya zo ba usur, ya yi sallama da ladabi, ya fito da jan jirgin. Ya ce duk abin da ya rage a buhun yake so.

Dramani ya ce, "Ciyaman, wannan ai ba farashin kwantrol ba ne."

"Kwantrol na gwamnati ne, Baba. Wannan tsakanina da kai ne."

Ya juye masa, har ya kakkaɓe buhun. Sannan ya shimfiɗa tabarma ya jera su, kowane kai da taragunsa, ya kira ni in gani. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin wannan ba, kuma ni tsoro ne ya kama ni.

Washegari da azahar Azeta ta dawo da yaran. Ta shiga ɗaki, ta fito da buhun a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi tabarmar. Na shirya jin rigima, amma sai ta ɗauki tsintsiya. Ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta shiga madafa tana ta ƙarar kwanuka.

Da la'asar sakaliya ta shimfiɗa tabarmar cin abinci, ta kawo ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ajiye masa kwanonsa a rufe. Ta ajiye na yara, ta kira su suka zauna.

"Bismillah, maigida."

Dramani ya ɗaga murfi. Jan jirgin ne a ciki, an goge shi fes. Ya daɗe riƙe da murfin bai ajiye ba. Yaran ba su buɗe nasu ba, don a gidan ba a fara ci sai uba ya sa hannu. Sahada, autarsu, ta riga ta wanke hannunta, ta matso da kwanon gabanta, tana kallon babanta tana jira.