Tokar Orville

Shekara talatin da ɗaya Orville Dombrowski ya yi yana tura sharar garinmu da katafila, har ta zama tudu mafi tsawo a wannan yanki na Michigan. Ni ne injiniyan da ke auna iskar gas ɗin da ke fita daga cikinta. Digirina biyu, aikina shinshina bututu.

Da aka rufe jujin, sai aka lulluɓe shi da yumɓu, aka shuka ciyawa, aka raɗa masa Tsaunin Mikiya. Ban taɓa ganin mikiya a wurin ba. Yanzu da bazara masu keke ke gangarowa, lokacin sanyi kuma masu zamiya a dusar ƙanƙara.

Orville abu ɗaya ya roƙa a asibiti: idan an ƙona gawarsa, a watsa tokar a ƙolin tudun. Curtis Vandermolen, wanda a da yake auna motocin shara a bakin ƙofa, yanzu kuma manajan wurin, ya riƙe hannunsa yana hawaye.

"Ni da kaina zan kai ka, tsoho. Wa ya isa ya hana?"

Ranar Asabar da hantsi muka je, ni da Darlene matar marigayin, tana rungume da gwangwanin tokarsa. Muka tarar da Curtis a gindin kujerun igiya masu hawa da mutane, cikin sabuwar rigar sanyi mai hoton mikiya.

"Darlene, sannu da haƙuri. Mene ne wannan?"

"Abokinka ne. Ya ɗan rame."

Bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe.

"Farfesa, ka fi ni sanin doka. Ba a zubar da komai a nan. Ko ɓawon ayaba."

"Curtis, a kan tsofaffin katifu da ƙunzugun jarirai kake tsaye."

"Rage murya, don Allah. Akwai iyalai. Ga shi wata mai zuwa masu ba da lambar yabo ta tsafta za su zo dubawa."

"Kofi biyu ne na toka."

"Yau kofi biyu, gobe kowa ya kwaso kakarsa."

Darlene ta ji komai. Ta matso ta ce, "Kai, ɗan ma'auni, wa ya koya maka tuƙi? Wa ya rufa maka asiri ranar da ka danna mota cikin rami?"

"Ban manta ba, wallahi. Shi ya sa na bincika muku."

Ya zaro wata takarda daga aljihu. Ta sabon jujin gunduma ce, mil arba'in daga gari. Ya ja layi da biro a ƙarƙashin wani sashe: ana karɓar toka ranar Talata, ƙarfe takwas zuwa sha biyu, in dai ta huce.

Darlene ta karanta har ƙarshe, ta ninke takardar ta mayar masa cikin aljihu. Muka koma mota. Ta ajiye gwangwanin a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel, ni na shiga baya.