Hazo a Iyakar Gabas

Kullum da hantsi, in Malam Sha'aban ya gama shan kunu, sai ya tafi gona ba tare da ya motsa daga kan tabarmarsa ba.

Za a jingina masa filo biyu a bangon rumfa, a ɗora masa 'yar na'urar wasan a cinya, shi kuma ya sa babban yatsansa na dama, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya rage masa, ya tura ɗan manomin da ke cikin gilashin. Manomin ya saɓa fartanya, ya bi ta gindin tsamiya, ya duba gero, ya cire ciyawa a kunyoyin gyaɗa. Daga nan sai ya miƙe gabas har iyakar gamba, inda wani farin hazo ya tokare duniya, ya tsaya can shiru. Ba ranar da ba ya yin wannan tsayuwar, kuma ba ranar da gaban 'yarsa Khaulat ba ya faɗuwa in ta gani.

Ita ta ƙera wasan, ita da abokan aikinta uku, a wani ɗan ofis da ke Rijiyar Zaki inda fanka ɗaya ke yi wa mutum huɗu hidima. Shekara biyu suka kwashe a kansa. Gonar da ke ciki kuwa ta ubanta ce, wadda ke bayan gidansu a ƙauye kusa da Ɗanbatta, kunya da kunya. Wani kamfani na ƙasar waje ya yarda zai fitar da wasan a kan na'urori iri biyu, ya ba su aron na gwaji: ƙarama ta hannu, da babba baƙa da ake jonawa da talabijin. Wanda bai san aikin ba zai ce ai wasa ɗaya ne, a kwafa a zuba. Ina! Kowace da halinta, kamar tumakin gida biyu da aka haɗa a turke ɗaya. Abin da wannan ta haɗiye lafiya, waccan ta amayar. Madannin da ke nufin e a ɗaya, shi ne a'a a ɗayar. Ƙaramar kuwa raguwa ce, in aka ce ta zana abin da ke nesa sai ta ɗau zafi ta fara sanɗa. Shi ya sa Khaulat ta zuba hazo a iyakar gabas, don na'urar ta huta da zana abin da ke bayansa. Wallahi iyakar dalilinta ke nan a lokacin.

Abin da ke bayan hazon kuwa, duk gidan an sani, ban da mai gidan. Bara da kaka, da Baba ya faɗi aka kwashe shi zuwa asibiti a birni, sai da aka sayar da gonar gabas, wadda ya gada daga mahaifinsa, kafin a iya jinyarsa. Wanda ya saya ya gina dogon gidan kaji mai jan kwano. Likita ya ce kada a yarda ransa ya ɓaci, jininsa ba zai ɗauki wani hawan ba, Inna kuma ta tara kowa ta ce duk wanda ya buɗe baki ba ta yafe ba. Wata tara ke nan Baba bai leƙa ƙofar gida ba. Da farko ma bango ya juya wa fuska, ya ƙi abinci, ya ƙi magana, sai ranar da Khaulat ta dawo gida da ƙaramar na'urar don ta ci gaba da aiki a kusa da shi, ya hango tsamiyarsa a cikin gilashi, ya ce a miƙo masa.

To yanzu aikin ƙaramar ya ƙare, ranar Lahadi za a zo a karɓe ta.

Ranar Juma'a Khaulat ta kunna babbar a ɗakinta da wutar sola, don ta ga yadda za ta mayar da Baba kanta. Hoton ya fito tar, kowane ganye da jijiyarsa. Ta tura manomin gabas, sai ta dafe ƙirji. Ba hazo. Babbar na'ura ba ta buƙatarsa, tana zana komai har inda sama ta taɓa ƙasa. Ga gamba, ga kuma dogon gini da jan kwano yana ƙyalli a inda gonar kakanta take. Abokin aikinta Uwaisu ne ya ɗauki hotunan kewayen da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto, da rani, lokacin ita tana zaman jinya, shi kuwa ina ya san gonar wa aka sayar?

Ta fita da sauri ta hau tudun bayan rumbu, inda sabis ke ɗan kamawa, ta kira shi.

"Uwaisu, don Allah a sa mini hazo a babbar. Na Baba kawai, ba wanda za a fitar ba."

"Khaulat, kin fi ni sani," in ji shi. "Babbar ba ta karɓar komai sai mai hatimin kamfani. Ko ganye ɗaya kika canza, sai an tura an buga hatimi, kwana goma ke nan. In kuma muka taɓa wanda ke hannun masu tantancewa na kamfanin, sai su mai da mu ƙarshen layi."

"To a bar mini ƙaramar kwana goman."

"Sau biyu suna ɗaga mana ƙafa. Sun ce in ba ta isa ofishin aike ranar Litinin ba, har babbar za su janye. Aikin mutum huɗu fa, shekara biyu." Ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri. Da na sani da ban ɗauki wajen ba."

Ta sauko, ta tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta tsuguna ta raɗa mata. Inna ta ajiye rariya.

"Innalillahi! To a rufe gefen talabijin ɗin da ɗankwali mana."

"Inna, hoton juyawa yake yi. Duk inda ya kalla nan zai zo tsakiya."

"To ki ce masa ta lalace, shi ke nan."

"Ya koma kallon bango?"

Inna ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Ranar Asabar Khaulat ta yini a ɗaki. Gonar da Baba ya noma a ƙaramar ba ta shiga babbar, kowace da irin yadda take adana abinta, don haka sai da ta sake shuka ta da hannu, tana duba nan tana kwafa can: gero layi kaza, gyaɗa a tsakani, waken da ya zuba a gindin tsamiya duk da ta ce masa ba zai yi ba. Tana cikin haka dabara ta faɗo mata. Hatimi ya hana ta taɓa ginin wasan, amma bai hana ta noma a cikinsa ba. Ta shuka dawa layi uku a bakin iyakar gabas, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta yi ta tura kwanakin wasan har dawar ta wuce kan manomin. Ta tsaya a tsakiyar gona ta kalli gabas, kore kawai. Ta koma gindin tsamiya ta kalla, kore. Ta yi hamdala, amma ko loma ɗaya ba ta iya kai wa baki ba a ranar.

Lahadi da hantsi Uwaisu ya sauka daga motar haya da jakarsa. Ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gai da Baba, ya yi masa ya jiki. Baba ya daɗe yana shafa bayan ƙaramar na'urar da yatsa kafin ya miƙa ta.

"A kai ta lafiya," ya ce, harshensa na jan kalmomin. "Ta yi mana zumunci."

Uwaisu ya goge duk abin da ke cikinta kamar yadda doka ta ce, ya sa a jaka, ya kasa haɗa ido da Khaulat. Ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

Aka fito da talabijin rumfa, aka ɗora a kan turmi da faranti. Rimot ɗin babbar na hannu biyu ne, amma Khaulat ta riga ta tattara duk madannan da Baba ke buƙata a ɓangaren dama, ta kwantar masa da shi a kan filo. Hoton ya fito. Baba ya matso da fuska.

"Ikon Allah," ya ce. "Har da tururuwa."

Ya bi ta gindin tsamiya. Ya duba gero ya gyaɗa kai. Ya tsaya a kan waken, ya ɗan kalli Khaulat ta gefen ido, don waken ya yi. Inna ta zo ta tsaya a bakin rumfa da ludayi a hannu, ta manta abin da ta fito yi. Manomin ya juya gabas, ya yi taku kaɗan, ya tsaya cak.

"Wane sakaran ne ya yi wannan?"

"Me, Baba?"

"Dawa a bakin gamba, ta gabas! Ta tare wa gyaɗa ranar safe, gamba kuma ta shanye mata taki. Shekara hamsin ina noman wajen nan, kin taɓa ganin na sa dogon abu a nan?"

"Haka sabuwar ta zo da shi, Baba. A bar ta, ai ta kusa fitar da kai."

"Ta fitar da kai, gyaɗa ta mutu? Ina lauje?"

Ya san inda lauje yake, ba ya buƙatar ta nuna masa. Khaulat ta kalli wayar wuta, taku ɗaya ne tsakaninta da ita, ta ja ta ce sola ce ta ɗauke. Gobe fa? Jibi fa? Ta zauna ta matse hannuwanta a tsakanin gwiwoyi. Yatsan Baba ya danna, kara ɗaya ya faɗi. Ya danna, wani ya faɗi. Layin farko ya ƙare. A na biyu haske ya fara ratsowa, a na uku wani abu ja ya leƙo ta tsakanin ganye. Inna ta ce, "Malam, kununka," alhali ya sha tun ɗazu. Bai juyo ba. Ya sare na ƙarshe.

Ga shi nan, dogo, da jan kwanonsa da tankin ruwa a kai.

Khaulat ba talabijin take kallo ba, jijiyar wuyan ubanta take kallo, tana lissafin wa ke da mota a ƙauyen yau ranar kasuwa. Baba ya daɗe yana kallo, har manomin cikin wasan ya gaji da tsayuwa ya fara sosa ƙeya.

"Ashe ja ne," ya ce a hankali. "Ni na ɗauka fari ne."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Inna.

"Malam... ka sani?"

"Haba Maryamu. Ɓarin jikina ne ya shanye, ba hancina ba. In iskar gabas ta taso, me kuke so in ce ina shaƙa? Ga kukan inji safe da yamma. Wata shida ke nan." Ya numfasa. "Na ga kuna ta wahalar ɓoyewa, na ce bari in taya ku."

Inna ta zauna a ƙasa inda take, ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya juyo da kyar ya kalli Khaulat, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, dukansu sun yi ja.

"Ke kuma, wancan hazon da kika sa mini. Kullum in na je na tsaya a gabansa, sai in ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta san abin da ba zan iya kallo ba ta lulluɓe mini. A bayansa sai in ga gonar mahaifina yadda take, har da kukar da ke tsakiya."

Khaulat ta buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshenta, cewa na'ura ce ba ta da ƙarfi, cewa ba don shi ta yi ba. Ta kalli yatsansa a kan madanni, sai ta haɗiye ta, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Nan da kwana goma zan iya mayar maka da shi, Baba."

"A'a. Na riga na gani." Ya sake duban jan kwanon. "Wannan babbar taki tana da ido, amma ba ta da kara."

Ya yi ƙoƙarin juya manomin, yatsan ya zame, ya sake zamewa. Khaulat ta kai hannu za ta taimaka, ya girgiza kai. A karo na uku manomin ya juya wa gabas baya.

"In an ga mai kajin," in ji Baba, idonsa na kan gyaɗa, "a tambaye shi inda yake zubar da kashinsu. Wannan ragowar gonar tana son taki."