Rabin Saƙon Malama

Shekara ashirin da shida ina riƙe da almakashi, ban taɓa ɓata wa mutum yadi ba. Wannan maganar da bakina nake faɗinta, sau da yawa ma ba wanda ya tambaye ni. Ƙanwata Auta, wadda muke shagon ɗinki tare, ta ji har ta haddace.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne idona ya fara ja da baya. Ga shi yanzu mutane sun daina zuwa a auna su, sai dai su turo awo ta waya, ni kuwa rubutun ya koma min kamar jerin kiyashi. Tabarau? Allah ya kiyaye a ce tela ba ta gani! Sai na lallaɓa wurin wani mai gyaran waya a can ƙarshen layi, inda ba a san ni ba, na ce wayar babarmu ce, ya ƙara wa rubutun girma. Bawan Allah ya ƙara har ƙarshe. Layi biyar kacal sai fuskar waya ta cika. Tun daga ranar a kife nake ajiye ta, in zan karanta saƙo sai na juya wa Auta baya.

Ana nan wata malamar makaranta da ta daɗe tana kawo mana ɗinki ta aiko da leshi ruwan toka. Marigayi mijinta ne ya saya mata, ta adana shi shekara huɗu don ta sa ranar da 'yarsu za ta gama jami'a. Awo ya biyo baya ta waya. Na duba: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsayi. Biyar cif, yadda aka saba. Na shimfiɗa leshi na ɗauki alli.

Auta ta leƙo ta ce, "Yaya, anya? Malama fa ba ta kai haka siranta ba."

"Ke za ki koya min yanka? Mutum ba ya ramewa ne?"

Ta koma kan keken ɗinkinta. Na yanka, na ɗinka, har ina yabon kaina.

Ranar da Malama ta zo karɓa, akwai mata biyu zaune a benci suna jiran ɗinkinsu. Ta shiga bayan labule ta daɗe. Da ta fito rigar na hannunta, ko kafaɗa ba ta wuce ba.

"Anti, wannan ai ba awona ba ne."

Da na kama bakina da abin ya zo da sauƙi. Ina! Na ɗaga murya na ce abin da ta turo shi na yanka, in ta yi kuskure kada ta shafa min. Har da cewa mutane ba sa son faɗin gaskiyar ƙugunsu. Zuciya ta ɗebe ni, na manta da komai, na fizgi wayar na miƙa mata a gaban kowa.

"Ga shi nan, karanta da kanki!"

Haruffa ɓaro-ɓaro, ko daga bakin ƙofa a karanta su. Ɗaya daga cikin matan benci ta fara dariya ta haɗiye. Malama ta dubi wayar, ta dube ni, sannan ta sa babban yatsa ta tura rubutun sama. Ashe saƙon yana da ƙasa. A da duk saƙo gaba ɗaya yake fito min, ban taɓa sabawa da turawa ba. Ta karanta a hankali: "Na saman nan awon 'yata ne, yadinta na nan tafe. Ga nawa, na leshin." Wasu layi biyar suka biyo.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Amma sai ta ninke rigar ta sa a jaka.

"Ba komai, Anti. Sai yarinyar ta sa. Da ma babanta ne ya saya."

Tana faɗa ta fita, ba ta waiwayo ba. Matan benci ma suka tuna suna da uzuri.

Shago ya rage daga ni sai Auta. Ba ta ce "ai na faɗa miki" ba, ta dai ci gaba da kalmasa bakin wani zane. Can wayar ta yi ƙara, wani awon ne ya shigo. Na daɗe riƙe da ita kafin na miƙa mata.

"Auta, karanta min. Duka, har ƙasa."

Ta karanta, na rubuta a takarda. Da ta gama na ce, "Idona ne. Ya kwana biyu."

"Na sani, Yaya," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Wata takwas ke nan ni nake zura miki zare a keke kullum kafin ki iso."