Shuɗiyar Filasta

"Wai wannan ce tiyatar?"

Rusty, mai kula da layin fiɗar kaji, ya ɗaga gefen filastar yana leƙen wuyan hannun Vernita kamar mai neman ƙwarƙwata. Wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya kwashe da dariya har hular ragarsa ta karkace.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ta jawo wa kanta. Shekaranjiya aka yi mata aikin a wani asibiti a birnin Little Rock. Likitar ta ɗora mata na'urar nan da ake duba cikin masu juna biyu, tana kallon allo, ta zura siririn ƙarfe ta tsinke tantanin da ya shaƙe mata jijiya. Minti goma, idonta biyu, ko ɗinki babu. Ta naɗe hannun ta ce, "Mako biyu ban yarda ki riƙe wuƙa ba."

Takardar likita kawai Vernita ta zo miƙawa. To amma shekara sha tara a masana'antar kaji ta riga ta bi jiki: ba a shiga da farin bandeji, sai shuɗiyar filasta, don in ta faɗa cikin nama a gan ta. A bakin ƙofa, ba wanda ya ce mata uffan, ta warware bandejin da kanta ta manna filasta. Kai, sabo! Da ta shigo da hannu kamar dami, wa ya isa ya yi mata musu?

"Haba Mama Vernita," in ji Rusty, "ni ko aski ina yanke kaina fiye da haka. Ma'aikaciyar jinyarmu ta ce za ki iya. Mutum uku ba su zo ba, ga layi yana gudu."

"Ma'aikaciyar taku ce ta shiga cikin hannun?"

Ofelia, maƙwabciyarta a layi, ta juya tafin hannunta ba tare da ta daina yanka ba. Tabo ne zungurere daga wuyan hannu har tsakiyar tafi.

"Ni da aka farke ni irin na da, mako shida na yi ina cin wake da tortiya, gurasarmu ta masara, a gida," ta ce. "Ke kika je neman na zamani, ƙawas. Da kin ce su ɗan ƙara miki tsawo."

Matan layin suka tuntsire. Vernita ba ta ga abin dariya ba. Shekara uku yatsunta a mace, kamar aro ta yi. Maɓallin riga ya gagare ta. Ranar Ista ta kama tiren tanda da zafinsa, sai da jikanyarta ta ƙwalla ihu ta san ta ƙone. Kazar nan dai, kazar nan, ita ta cinye mata hannu, cinya arba'in a minti, yanzu kuma a ce ciwon bai yi girman da zai burge yaron da ta koya wa wasa wuƙa ba?

"Ɗan nan, ka karanta takardar," ta ce wa Rusty.

"Na karanta. Ofis suka ce a duba da ido." Ya tura mata wuƙa a kan teburin ƙarfe, bai yarda sun haɗa ido ba. "In kika fita ƙofar can yau, katinki na aiki ba zai sake buɗe ta ba. Ba ni na ce ba."

Zuciya ta ɗebe ta. Ta ce a ranta bari ta yi musu aikin, in hannun ya lalace kowa ya gani. Ko safar hannu ba ta sa ba ta fizgi wuƙar.

Sai ta tsaya cak.

Sanyi. Ƙotar wuƙar tana da sanyi, har da wani ɗan kaushi wajen da babban yatsa ke zama. Shekara uku tana riƙe wuƙar nan ba ta san da shi ba. Ta murza shi a hankali, kaji suna wuce ta a rataye, ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya, ƙawas?" Ofelia ta tambaya.

"Ina jin ta," ta ce. "Ofelia, ina jin ta."

"To madalla," in ji Rusty. "Bismilla, layi na jira."

Vernita ta ajiye wuƙar. Ta ɓanɓare shuɗiyar filastar, ta manna masa a ƙirjin riga daidai kan sunansa.

"Ga taku nan. Hannun nawa ne, shekaranjiya aka maido min shi."

Ta nufi ƙofa. Mariƙin ƙofar ma da sanyi, ta ɗan jima riƙe da shi kafin ta tura.